Ƙaramar Tarakta Mai Batir: Sayenta, Gyaranta da Kiwonta

Manoman Likoro da sauran ƙasar Kudan, da maƙwabtansu na Makarfi da Ikara, mutane ne da ba su san hutun rani ba. Da an kawar da masara da dawa sai a gangara fadama, wannan yana sarar rake, wancan yana dashen tumatir da barkono da albasa, wani kuwa yana gyaran lambun inabi. Aikin yana da yawa, kuɗin ƙodago yana hawa kowace shekara, man fetur kuma ya yi tsada ƙwarai tun daga 2023 da aka janye tallafinsa. Saboda haka hankalin masu lambu ya fara komawa ga injunan da ke aiki da batir, waɗanda ake iya cika su da hasken rana. A cikinsu akwai ƙaramar tarakta ta lambu, wadda galibi ta hannu ce ake samu, watau wadda ta riga ta yi shekaru tana aiki a wata ƙasa.

An shirya wannan takarda domin manomi, ko ƙungiyar manoma, da ke shawarar sayen irin wannan tarakta. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne: ƙarfen taraktar yakan daɗe ƙwarai, amma batir ɗinta ba ya daɗewa sai da kiwo, batir ɗin kuwa shi ne mafi tsada a jikinta. Wanda ya kula da shi zai ci moriyarsa shekaru. Wanda ya yi sakaci yana iya kashe shi a rani guda, kuɗin jama'a ya salwanta, lambu kuma ya tsaya a daidai lokacin da ake bukatar aiki.

Darasin da aka koya a da

Zancen injin noma ba sabo ba ne a ƙasar Zazzau. An kafa gonar gwaji ta Samaru a 1922, a 1962 kuma ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. A 1928 ne Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu. Garmar shanu ta karɓu, har yau kuwa tana aiki, domin maƙerin gari yana iya gyara ta, abincin shanu kuma yana nan a gona. Amma babban aikin noman tarakta da aka fara a Mokwa a 1949 bai wuce 1954 ba aka rufe shi da hasara. Daga cikin dalilan faɗuwarsa akwai cewa injunan ba su dace da ƙasar ba, kuma tarakta tana iya buɗe fili mai yawa, amma noma da girbi sai da hannu, hannuwan kuwa ba su isa ba.

Darasin a fili yake. Inji yana amfani ne idan ya dace da gonar da aka kawo shi, kuma akwai mai gyara shi kusa. Da wannan ma'auni za a auna tarakta mai batir.

Asalinta da yadda take aiki

Wadda ta fi suna a cikin tsofaffin taraktocin lambu masu batir ita ce Elec-Trak, wadda kamfanin General Electric ya ƙera a Jihar New York ta Amurka daga wajen 1969 zuwa tsakiyar shekarun 1970. An yi ta ne domin yankan ciyawar gida, da kaftun lambu, da jan amalanke. Ko da yake an daina ƙera ta shekara hamsin da suka wuce, da yawa daga cikinsu suna aiki har yanzu a hannun masu kula da su. Dalili kuwa shi ne ba ta da fulogi, ba ta da kafireto, ba ta shan baƙin mai a inji, abubuwan da ke motsi a cikinta kaɗan ne. A nahiyar Afirka ma an koma ga wannan dabara. A ƙasar Malawi an gwada wata ƙaramar tarakta da ake bi a ƙasa ana riƙe da ita, mai suna Aftrak, wadda ake cika ta da hasken rana, har aikin ya ci babbar kyautar Milken-Motsepe a 2024.

Jikin irin wannan tarakta kashi huɗu ne. Na farko batura, su ne rumbun wuta. Na biyu injin lantarki, wanda ke juya wuta ta zama motsi. Na uku makunnai da wayoyi, waɗanda ke ƙara gudu ko rage shi. Na huɗu giya da tayoyi. A kan auna matsin wuta da abin da ake kira bolt, yawan wutar da ke gudu a waya kuwa da amfiya. Tsohuwar tarakta irin ta General Electric tana ɗaukar batir 6, kowane mai bolt 6, an jera su wutsiyar wannan a kan wancan, suka haɗu suka ba da bolt 36.

Batir ɗin na dalma ne da ruwan asid, irin wanda wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙago a 1859. Amma fa ba irin na mota ba ne. Batir ɗin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin ɗan lokaci ya ta da inji, sa'an nan ya huta. Na tarakta kuwa farantansa na ciki masu kauri ne, an yi shi ya riƙa ba da wuta a hankali sa'o'i da dama, irin wanda ake sa wa sola a gidaje. Idan aka sa mata batir ɗin mota za ta yi tafiya, amma cikin 'yan watanni zai mutu.

Iyakar ƙarfinta

Lalle ne manomi ya yi lissafi kafin ya saya. Batir mai bolt 6 na wannan aiki yakan riƙe wajen amfiya 220 na sa'a guda. Idan aka ninka 220 da 36 za a sami kusan kilowat 8 na sa'a guda. Amma batir ɗin dalma ba a so a sha fiye da rabinsa kafin a mayar masa, saboda haka abin da manomi ke da shi na aiki wajen kilowat 4 ne. Idan aikin mai nauyi ne, yana cin kilowat 2, to sa'a biyu ke nan. Idan jan amalanke ne a kan hanya mai kyau, za ta fi haka daɗewa nesa.

Wannan ya nuna inda ta dace da inda ba ta dace ba. Ta dace da kaftun fadama bayan ƙasa ta yi laushi, da gyaran fangali, da noma tsakanin layukan inabi ko na itatuwan lambu, da kai taki gona, da kwaso kwandunan tumatir zuwa bakin titi, da jan rake daga gona zuwa wurin injin mazarƙwaila. Ba ta dace da fasa saura mai tauri ba, ko gonar da ba a tumɓuke kututtura ba. Haka kuma cikinta kusa yake da ƙasa, ba za ta iya haye manyan kunyoyin tudu ba tare da ta daki ƙirjinta ba. Huɗar masara da dawa a tudu aikin shanu ne ko babbar tarakta. Wanda ya tilasta wa ƙaramar tarakta wannan aiki zai ƙone injinta.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Araha ba ta ado. Kada a sayi tarakta ta hannu sai an tafi da mai gyaran lantarki wanda ya saba da batura da inbata, irin waɗanda ake samu a Zariya da manyan garuruwa. Ga abin da zai duba.

Ya fara da akwatin batura. Ruwan asid yakan zuba ya ci ƙarfe, nan ne kuwa tsohuwar tarakta ta fi ruɓewa. A fitar da baturan a ƙwanƙwasa gindin akwatin. Idan tsatsa ta huda shi, mai walda yana iya sake shi, amma a cire kuɗin aikin daga farashi. Idan tsatsar ta kai ga ƙashin bayan taraktar, gara a haƙura.

Sa'an nan ya duba baturan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko ruwansa ya ƙafe har farantai suka fito fili, ya gama yayi. Abin da ya fi aminci shi ne mai saye ya ɗauka cewa baturan da aka zo da su matattu ne, ya yi ciniki a kan ƙarfen kawai, ya ware kuɗin sababbi tun kafin ya shiga kasuwa.

Bayan haka a ɗaga tayoyin baya a kan dutse ko katako, a haɗa batura masu kyau, a kunna. A saurari injin a gudu na farko har na ƙarshe, gaba da baya. Ƙara mai kama da niƙan tsakuwa alamar boris ya lalace ne, wannan kuwa gyara ne mai sauƙi. Amma warin ƙonewa, ko tartsatsi mai yawa a cikin injin, alama ce naɗin wayarsa ya taɓu, sake naɗi kuwa aiki ne mai tsada. A ƙarshe a duba birki, da sitiyari, da ko giya tana yoyon mai.

Gyare-gyaren da suka wajaba

An ƙera taraktar ne domin wata ƙasa, dole a yi mata gyara ta dace da wannan. Gyara na farko shi ne caja. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tana kai da komo sau 60 a sakan guda. Ta Nijeriya kuwa bolt 230 ce, sau 50 a sakan. Idan aka soka cajar da ta zo da ita a bangon ɗaki kai tsaye, nan take za ta ƙone. Ko an sa taransifoma ta rage bolt, ba ta canza yawan kai da komon wutar, saboda haka tsohuwar caja tana iya yin zafi, ko ta kasa cika batir. Abin da ya fi shi ne a cire ta, a sa sabuwar caja ta bolt 36 wadda aka yi domin wutar ƙasar nan, mai kashe kanta idan batir ya cika.

Inda wutar gari ba ta tsayawa, sai a dogara ga rana. Ƙasar Zazzau tana samun rana mai ƙarfi kimanin sa'a 5 ko fiye a yini. Farantan sola masu jimlar wat 1,000 za su tara wajen kilowat 5 a yini, idan aka cire abin da ke ɓata a waya da zafi sai a tsira da kusan 4, watau daidai abin da aka sha. Lalle ne a sa na'urar daidaita caji tsakanin farantan da baturan, wadda ta dace da bolt 36. Kada a haɗa faranti da batir kai tsaye. Tun da yake tarakta ba ta caji tana cikin aiki, sai a tsara yini: a fita da asuba a yi aiki zuwa hantsi, a dawo da ita rumfa ta sha rana har la'asar. A lokacin hunturu a riƙa share ƙurar farantan kowace safiya, domin ƙura tana rage wutar da suke bayarwa.

Gyara na biyu tayoyi ne. Tayar da ta zo da ita mai santsi ce, an yi ta kada ta ɓata ciyawa, a laka kuwa sai ta yi ta juyawa wuri guda tana cin batir a banza. A sa mata taya mai manyan haƙora irin ta noma, girmanta daidai da ta asali. Kada a sa wadda ta fi girma don neman gudu ko tsayi, domin babbar taya tana ƙara wa inji nauyi, ta sa shi zafi.

Gyara na uku shi ne a kwance wuƙaƙen yankan ciyawa, idan ba a bukatarsu, a ƙera maƙali a baya domin garma ko amalanke. A nan akwai haɗari babba da ya kamata mai walda ya sani. Dole maƙalin ya kasance ƙasa da sandar da ta haɗa tayoyin baya. Idan aka ɗaura kaya sama da wannan sanda, ranar da garma ta kama saiwa, ko amalanke ya cije a rami, gaban taraktar zai tashi ta kifa ta baya ta danne direba, abin kuwa yana faruwa kafin mutum ya yi tsalle. Haka nan kada a cika amalanke fiye da abin da birki zai iya tsayarwa a gangaren fadama.

Gyara na huɗu ya shafi makunnai. Tsohuwar tarakta tana rage gudu ne ta hanyar bi da wuta cikin wasu wayoyi masu zafi, wani kashi na wutar ya tafi a banza. Idan makunnan nan suka tsufa, kuma ba a samun irinsu, ana iya maye gurbinsu da kwantirola ta zamani, wadda ke sa tashi ya zama a hankali, ta kuma rage ɓarnar wuta a ƙaramin gudu. Sai dai injunan lantarki iri-iri ne, kowane da kwantirolar da ta dace da shi, saboda haka a karanta allon da ke jikin injin kafin a saya. Kowane gyara aka yi, abu biyu ba a taɓa su: fis, da babban makashin wuta. Batura 6 suna iya narkar da sifana idan ta haɗa bakinsu. Wanda ya cire fis ya ɗaura waya a madadinsa, ya shirya wa kansa gobara.

Zancen batir ɗin litiyam

Yanzu ana samun batir ɗin litiyam a kasuwa, musamman irin da ake rubuta wa LiFePO4 a jiki, wanda ya fi sauran ire-iren litiyam jure zafi. Ɗakuna 12 na wannan batir, kowane mai bolt 3.2, suna ba da bolt 38.4, wanda ya yi daidai da tarakta mai bolt 36. Ba a zuba masa ruwa, ana iya shan mafi yawan wutarsa ba tare da lahani ba, kuma yana ninka na dalma daɗewa. Amma yana da sharuɗɗa uku. Dole ya zo da na'urar tsaro wadda ke hana shi cika fiye da kima ko ƙarewa ƙarƙaf, na'urar kuma ta iya ɗaukar amfiyar da injin ke ja lokacin tashi. Dole a sa masa cajar da aka yi dominsa. Sa'an nan ba shi da nauyi. Batura 6 na dalma sun kai wajen kilo 170, wannan nauyi kuwa shi ke danne tayoyi su kama ƙasa. Idan aka sa litiyam, sai a mayar da nauyin da ƙarfe ko siminti, a ɗaure shi can ƙasa cikin akwatin.

Kiwon batir ɗin dalma

Nan ne rayuwar taraktar take. Abin da ya fi kashe batir ɗin dalma shi ne a bar shi babu caji. Idan ya kwana biyu a haka, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa, wanda caji ba ya iya narkarwa daga baya. Saboda haka duk ranar da aka yi aiki, ranar za a yi caji, ko da aikin rabin sa'a ne, kuma a bari ya cika sarai.

A sayi mita ta auna bolt, ba ta da tsada. Batura masu bolt 36, idan sun cika kuma sun huta 'yan sa'o'i, sukan nuna kusan 38.2. Idan suka sauko wajen 36.3 an sha rabi, lokacin komawa rumfa ya yi. Direban da ke jira sai tarakta ta fara jan ƙafa ya riga ya wuce iyaka.

Kowane mako biyu a buɗe murafu a duba ruwa, a watannin Maris da Afrilu kuwa kowane mako. Abin da ke ƙafewa ruwa ne zalla, asid ɗin yana nan, don haka ba a ƙara asid. Tataccen ruwa kaɗai ake zubawa, irin wanda ake sayarwa domin batir. Ruwan rijiya da na burtsatse da na leda duk suna da gishiri da ƙarfe a narke, waɗanda ke lalata farantai. Ana ƙara ruwa bayan an gama caji, domin ruwan yakan taso lokacin caji, idan aka cika tun farko sai ya yi ambaliya. Amma idan aka tarar farantai a fili, a zuba ɗan abin da zai rufe su kafin a fara caji.

Sau ɗaya a wata a auna kaurin ruwan kowane ɗaki da ma'aunin gilashi mai roba a kai. Cikakken ɗaki yakan nuna wajen 1.270. Idan wani ɗaki ya gaza 'yan uwansa da 0.050 ko fiye bayan an cika, batir ɗin ya fara mutuwa. Tun da yake a jere suke, rarraunan guda ɗaya yana jan sauran biyar ƙasa. Idan duk sun tsufa a sake su gaba ɗaya, domin sabo a cikin tsofaffi ba ya daɗewa.

Zafi ma abokin gaba ne. Masana sun auna cewa duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kwanan batir ɗin dalma da kusan rabi. A bazara zafin ƙasar nan yakan haura digiri 35 a inuwa. Saboda haka farantan sola su sha rana, tarakta kuwa ta zauna a inuwa, cikin rumfa mai iska ta ko'ina.

Farin gari da ke taruwa a bakin batir yana hana wuta wucewa. A jiƙa kanwa a ruwa, a goge shi da tsohon buroshi, domin kanwa tana kashe kaifin asid. A tabbata murafu suna rufe, kada ruwan kanwa ya shiga ciki. A ɗauraye, a bari ya bushe, a ɗaure noti tamau, a shafa ɗan giris. Waya mai sako-sako takan yi zafi har ta narkar da kan batir.

Kiwon sauran jiki

Ƙurar hunturu da lakar fadama su ne masu cutar injin. Kowane mako a hure ƙura daga ramukan shan iskarsa da famfon taya. Ana iya yi masa kariya ta kwano daga ƙasa saboda fantsamar laka, amma kada a naɗe shi da leda ko tsumma, domin da iska yake sanyaya. Kada a wanke taraktar da tiyo, kuma kada a shiga da ita ruwan da ya kai cikinta.

A cikin injin akwai wasu ƙananan gawayi masu kusurwa huɗu waɗanda ke gogar sandar da ke juyawa suna ba ta wuta. Suna cinyewa a hankali. A duba su sau ɗaya a shekara, idan sun kai rabi a sake su, domin idan suka ƙare ƙarfe zai goga tagulla, ƙaramin gyara ya zama babba. A duba man giya, da bel, da iskar taya, a sa giris a sitiyari da ƙafafun gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya: a yi wannan babban dubawa a watan Oktoba, kafin a shiga aikin rani. Idan kuma za a ajiye taraktar da damina, a cika batura, a kashe babban makashi, a riƙa sake caji kowane wata, domin batir yana zubar da wuta ko ba a taɓa shi ba.

Tsare lafiya

Batir ɗin dalma yana fitar da wata iska lokacin caji, wadda ba a gani, ba a jin warinta, amma tana kama wuta da fashewa. Kada a yi caji a ɗakin kwana ko a rufaffen shago. Kada a sha taba ko a kawo fitilar aci-bal-bal kusa. Mai gyara ya cire zobe da agogo, ya naɗe hannun sifanarsa da roba. Idan asid ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti. A cire makulli duk lokacin da aka sauka, domin wannan tarakta ba ta da ƙara, yaro yana iya tashinta ba wanda ya ji.

Mataccen batir kuma guba ne. Dalma tana shiga jiki ta ƙura da abinci, ta fi yi wa yara ƙanana lahani, tana taɓa ƙwaƙwalwa, lahanin kuwa ba ya warkewa. A 2010 gubar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan dalma. Kada a fasa shi a gida, kada a narkar da shi a tukunya, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko fadama. A mayar da shi a rufe ga dillalin da ya sayar da sabo.

Idan ta ƙungiya ce

Galibi mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar kuɗin tarakta da batura da farantan sola ba, sai an haɗa hannu. To, kayan taro yakan rasa mai kula. Ƙungiya ta naɗa direba ɗaya da mataimakinsa, su kaɗai ke hawa. A ajiye littafi a rumfa, a rubuta kwanan wata, da gonar da aka yi wa aiki, da sa'o'in da aka yi, da bolt kafin fita da bayan dawowa, da ranar da aka ƙara ruwa. Wannan littafi shi zai nuna batir ya fara rauni tun kafin ya tsaya a tsakiyar gona, shi kuma zai raba gardama ranar taro.

Abu na ƙarshe, kuma wanda aka fi mantawa, shi ne asusun batir. Tun da ba a sayen fetur, mutane sukan ɗauka aikin kyauta ne. Ba haka ba ne. Kowace sa'a ta aiki tana cin wani abu daga kwanan baturan, ranar sake su kuwa tana nan tafe. A raba kuɗin sababbin batura da yawan sa'o'in da ake sa ran za su yi, a karɓi wannan daga duk wanda aka yi wa aiki, har da shugaban ƙungiya, a ajiye shi dabam kada a taɓa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Manomin da ke neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ofishin aikin gona na ƙaramar hukuma a Hunkuyi, ko Makarfi, ko Ikara. Masu son shawara a kan garma da sauran kayan da za a maƙala wa taraktar kuwa, sai su nufi sashen injiniyan aikin gona na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru.